Uwar Birju: Yadda Fim Ɗaya Ya Haɗiye Nargis a Zukatan 'Yan Kallo

Gwaggona ba ta san sunan Nargis, jarumar finafinan Indiya, ba. Ta haura shekara saba'in, ta kalli fuskar matar nan ya fi a ƙirga, ta yi mata kuka har gefen mayafinta ya jiƙe, amma idan ka ce mata Nargis sai ta tambaye ka 'yar gidan wa ce. Abin da ta sani shi ne Rada (wato Radha), ko kuma uwar Birju, matar da ta fito a matsayinta a fim ɗin Mother India. Da babbar sallar da ta wuce, bayan an gama suya kowa ya miƙe ƙafa a tsakar gida, hira ta gangaro kan finafinan da. Na ciro waya na nemo wani yanki na Awaara, fim ɗin 1951, inda wata budurwa cikin baƙar rigar lauyoyi ta tsare wani babban alƙali da tambayoyi a gaban kotu. Na miƙa mata.

"Gwaggo, kin gane wannan?"

Ta kawo wayar kusa da ido, ta nisanta ta, ta sake kawowa. "Wannan 'yar bokon kuma daga ina?"

"Rada ce fa."

"Kai ɗan nan, ka kiyaye ni. Radar da ta ja garma da kafaɗarta ce za ta tsaya tana ɗaga wa maza murya?"

Wannan musun shi ya sa ni zama na yi rubutun nan. Jarumar da ta shafe shekaru goma sha huɗu tana fitowa a matsayin 'yar birni, 'yar masu kuɗi, lauya, malamar makaranta, ta wayi gari fim ɗaya ya shafe duk waɗannan fuskokin daga tunanin masu ƙaunarta, ya bar musu tsohuwar ƙauye mai laka a jiki. Ba a gidanmu kaɗai ba. A Indiyar ma haka abin ya kusa zama. Amma a wajenmu ya fi tsanani, kuma akwai dalili.

Yadda ta iso mana

'Yan kasuwar Lebanon, waɗanda Kanawa ke ce wa kwara, su ne suke riƙe da harkar silima a Arewa, kuma su suka fara shigo da finafinan Indiya a shekarun 1950. Kano ta riga ta san silima tun 1937 da aka buɗe Rex, daga baya aka samu su Palace da Plaza da Orion da Eldorado da Marhaba. Yawancinsu fili ne da katanga babu rufi, saboda haka sai duhu ya yi ake haska fim. Brian Larkin, wani manazarci da ya zauna a Kano a shekarun 1990, ya rubuta cewa dare biyar a mako na finafinan Indiya ne, ɗaya na 'yan Chana, ɗaya na Amurka. Ya kuma ba da labarin yadda ya tarar ana nuna Mother India shekaru kusan arba'in bayan fitarsa, gida a cike, 'yan kallo suna bin waƙoƙin, suna riga jaruman faɗin maganganunsu.

Sai dai wannan duniyar ta maza ce. Matar aure mai mutunci ba ta zuwa silima, budurwar da aka gani a can kuwa ta ja wa kanta magana. Su Gwaggo sai da talabijin ta zo, NTA da CTV suka riƙa sa finafinan Indiya, sannan bidiyo ta shigo ɗakuna da kasakasan haya. A nan ne aka yi tankaɗe da rairaya. Mai shagon haya ba ya ajiye kaset ɗin da ba a nema, kuma tsofaffin finafinan baƙi da fari na shekarun 1940 da farkon 1950 ba su da kasuwa a wajen yaran da suka tashi da Amitabh da Dharmendra. Mother India mai kala ne, ga shi an riga an san shi, sai ya tsira. Sauran finafinan Nargis suka maƙale a hanya. Gwaggo ba mantawa ta yi da lauyar Awaara ba. Ba a taɓa kawo mata ita ba.

Fatima 'yar Jaddanbai

An haifi Nargis a Kalkata ranar 1 ga Yuni, 1929, aka raɗa mata Fatima Rashid. Mahaifiyarta Jaddanbai shahararriyar mawaƙiya ce, tana cikin matan farko da suka tsara kiɗan fim a Indiya, tana kuma shirya finafinai da kanta. Mahaifinta ɗan gidan Hindu ne da ya musulunta ya ɗauki suna Abdul Rashid. Tana da shekara shida uwar ta saka ta a wani fim ɗinta a 1935, aka rubuta sunanta Baby Nargis. Nargis sunan wata fure ce a Farisanci, kuma shi ya bi ta har kabari. A 1943, tana 'yar shekara sha huɗu, darakta Mehboob Khan ya ba ta jagorancin fim ɗin Taqdeer. Ku riƙe sunan mutumin nan, don shi ya buɗe mata ƙofa, shi ne kuma daga baya ya ɗinka mata rigar da ta kasa cirewa.

Shekarar 1949 ita ce ta ɗaga ta sama. A Andaz, na Mehboob ɗin dai, ta fito a matsayin Neena, 'yar attajiri mai hawan doki da sa wando, mai hira da maza ba tare da sunkuyar da kai ba. Dilip Kumar ya cece ta ranar da doki ya kwashe ta da gudu, ya ɗauki sakin fuskarta a matsayin soyayya, alhali zuciyarta na wajen Raj Kapoor. Ta auri wanda take so, zargi ya shiga gidan, abu ya yi ta ruruwa har ta kai ta harbe Dilip, aka kai ta kurkuku. Fim ɗin ya ɗora laifin a kan tarbiyyar Turawa, hukuncin da ni dai ban gamsu da shi ba, don yarinyar ba ta yaudari kowa ba. Amma ba wannan ne ya dame ni a nan ba. Abin lura shi ne, shekaru takwas kafin Mother India, daraktan nan ya riga ya taɓa danƙa wa Nargis bindiga a ƙarshen fim ya ce ta harbi wanda yake kusa da ita. A karon farko ta yi harbin don kare mutuncin kanta, aka ɗaure ta. A karo na biyu ta yi don kare mutuncin 'yar wani, aka naɗa ta uwar gari.

A shekarar ce kuma aka fitar da Barsaat. Akwai wani wuri a ciki da Raj Kapoor ya riƙe goge irin na Turawa da hannu ɗaya, Nargis ta langaɓe a ɗaya hannun. Wannan tsayuwar ce ta zama tambarin kamfanin R.K. na Raj Kapoor, wanda duk mai kallon tsofaffin finafinan Indiya ya sha gani a farkon fim ba tare da ya san ko su wa aka zana ba. Finafinai goma sha shida suka yi tare. Awaara ya tsallaka ya mamaye Tarayyar Sobiyet da Turkiyya da Chana, har su biyun suka je Mosko a 1954 aka yi musu tarba ta sarakai. A cikinsa ita ce Rita, marainiyar da alƙali ya riƙa ya karantar, ta dawo ta tsaya kare saurayinta ɓarawo, ta tono cewa alƙalin nan shi ne uban da ya kori matarsa da cikin yaron. Dubi yadda take tsayuwa a kotun: kafaɗa a miƙe, ido cikin ido, murya ba rawa. A cikin fim ɗin har da inda ta yi wanka a bakin teku da kayan ninƙaya, abin da ba a saba gani ba a lokacin. Wannan yankin ban nuna wa Gwaggo ba.

A Shree 420 na 1955 kuwa malamar makaranta ce, Vidya, talaka mai riƙon gaskiya, wadda ta ƙi bin saurayinta cikin daular damfara. Lambar 420 sashen dokar Indiya ta wancan lokacin ne da ya yi magana a kan zamba, kamar dai yadda 419 ta zama suna a Najeriya. A nan ne aka yi waƙar nan ta cikin ruwan sama, su biyu a ƙarƙashin laima ɗaya, wadda har yau idan aka tashi nuna hoton soyayyar finafinan da ita ake fara ɗaukowa. Yara ukun da suka gifta cikin rigunan ruwa a waƙar 'ya'yan Raj Kapoor ne na cikinsa, ƙaraminsu shi ne Rishi Kapoor. Kuma a nan gizo yake saƙar, domin Raj yana da matarsa tun 1946, kuma abin da ke tsakaninsa da Nargis ya wuce aiki, kowa ya sani, ɗansa Rishi ma ya faɗa a littafin tarihin rayuwarsa. Ba zan tsawaita a kai ba. A 1956 suka rabu. Fitowarta ta ƙarshe a kamfaninsa minti kaɗan ce, a ƙarshen Jagte Raho, inda ta tsiyaya wa wani baƙauye ruwa da asuba bayan ya kwana yana yawon neman abin da zai jiƙa maƙoshi. Ta shayar da shi, ta tafi.

Radha

Mother India ya fito a watan Oktoban 1957, shekara goma da samun 'yancin Indiya. Mehboob ya taɓa yin labarin a 1940 da sunan Aurat, sai ya sake shi da kala da kuɗi masu yawa. Sunan ma martani ne: a 1927 wata Ba'amurkiya, Katherine Mayo, ta wallafa littafi da wannan sunan tana kushe al'adun Indiyawa da yadda suke riƙon mata, abin da ya daɗe yana yi musu ciwo.

Labarin bashi ne. Uwar miji ta ranto rufi 500 na kuɗin Indiya a wajen Sukhilala mai ba da bashi da ruwa don ta yi wa ɗanta Shamu biki na kece raini, ta jinginar da gona, ta dangwala yatsa a takardar da ba ta iya karantawa ba. Ita a saninta kashi ɗaya cikin huɗu na amfanin gona za a riƙa ba shi. Da kaka ta yi sai takarda ta ce kashi uku, dattawan gari kuma suka bi takarda. Kashi ukun nan ma kuɗin ruwa ne kawai, uwar kuɗin tana nan ba ta motsa ba. Shamu da amaryarsa Radha suka koma sassabe wani fili mai duwatsu ko za su samu abin da ba na Sukhilala ba, dutse ya gangaro ya murƙushe hannayen Shamu biyu. Mutumin da yake ciyar da gida ya koma sai an ba shi a baki. Gori ya ishe shi, wani dare ya sulale ya bar garin, ba a sake ganinsa ba. Uwar mijin ta rasu. Ambaliya ta zo ta share gari, ta cinye amfanin gona, cikin 'ya'ya huɗu biyu suka rage wa Radha, Ramu da Birju.

Duk wanda ya tashi a karkarar ƙasar Hausa ba ya buƙatar tafinta a nan. Ya san manomin da rumbunsa ya ƙare a tsakiyar damina, ya ci dami ɗaya bashi ya biya biyu da kaka. Ya san gonar da aka jinginar saboda biki ta tafi ke nan. Ya san matar da miji ya tafi ci rani bai dawo ba. Shanun huɗa, tulu a ka, ɗakin laka, amarya mai rufe fuska, surukar da ake jin nauyinta: Gwaggo ta taɓa ce min in ban da gumakan da kuma ɗigon jan nan na goshi, garin nan ai garinsu ne. Ba ta jin Indiyanci ko kalma goma, amma ba ta taɓa tambayar kowa me aka ce ba.

To a nan ne ya kamata a tsaya a duba aikin da Nargis ta yi, don sau da yawa tausayin Radha yana hana mu ganin gwanintar mai wasan. Shekarunta 28 lokacin da fim ɗin ya fito. Rainon Bombai ce, ba ta taɓa rayuwar ƙauye ba. Sunil Dutt da ya fito a matsayin ɗanta Birju sa'anta ne, shekara ɗaya aka haife su. Amma cikin awa kusan uku ta tashi daga amarya mai satar kallon miji, ta bi ta matashiyar uwa mai goyo, ta ƙare a tsohuwa mai rawar hannu, kuma babu inda za ka ce ga ɗinkin. Furfura da tamoji aikin masu kwalliya ne, wannan kowa zai iya. Tafiyar ce tata. Amaryar tana taku kamar ƙasa za ta ji ciwo. Uwar tana taku da faɗi, ƙafa a buɗe, irin na wadda ta saba ɗaukar kaya. Tsohuwar kuwa ƙugunta ne yake fara motsi kafin ƙafa ta bi. Na mayar da wuraren nan baya na sake kallo ba sau ɗaya ba, kuma kullum sai na ga abin da ban gani ba a da.

Wuri biyu ne mutanenmu ba sa mantawa. Na farko inda shanu suka ƙare, ta sa wuyanta a inda sa yake sa nasa, ta ja garma, ƙananan yaranta suna riƙe da ita ta baya. Hoton da ta rungumi garmar a kafaɗa, kai a karkace, shi ne a jikin kwalin kaset ɗin, shi ne kuma abin da Gwaggo take nufi duk lokacin da ta ce Rada. Na biyu shi ne daren da yunwa ta kai yaran gargara bayan ambaliya, ta tashi jikinta duk laka ta nufi gidan Sukhilala, wanda ya daɗe yana yi mata tayin abinci a bakin mutuncinta. Abin da ya sa wurin nan yake da nauyi shi ne ta je ɗin. Ba a nuna mana waliyyiyar da tayin bai taɓa girgiza ta ba. Ta shiga ɗakin ta riga ta sallama, tana magana da gunkin da ke ajiye a wurin cikin ɗacin rai, irin maganar wadda ta gaji da haƙuri. Sai a taki na ƙarshe ta farga, ta lakaɗa wa tsohon duka ta fita. Da jarumar ta buga wurin da taurin kai tun daga farko, da wa'azi ne kawai. Ita kuwa ta bari mun ga karyewar kafin miƙewar, shi ya sa matan da suka san yunwar yaro suke yin tsit idan an zo nan.

Ba zan ce fim ɗin ba shi da aibi ba. Tsakiyarsa ta yi jan ƙafa, barkwancin Birju da 'yan matan gari ya yi yawa. Abin da ya fi ci min rai kuma shi ne Radha ba ta taɓa tambayar halaccin bashin ba. Shekara da shekaru tana auna wa azzalumi kashi uku tana hana ɗanta magana. Birju ne yake da gaskiya a kan lissafin, ko da ya ɓata gaskiyarsa da hali. Shi ya ga awarwaron uwarsa da aka jinginar a hannun Rupa 'yar Sukhilala ya kasa haɗiyewa. Aka kore shi daga gari, ya zama ɗan fashi, ya dawo ranar bikin Rupa ya ƙona littattafan bashin, ya kashe Sukhilala, ya ɗauke amarya a kan doki. Radha kuwa ta riga ta yi alkawari cewa muddin tana raye babu abin da zai taɓa mutuncin yarinyar, domin 'yar gari 'yar kowa ce. Ta kira shi bai tsaya ba. Ta ɗaga bindiga. Ya faɗo, ya mutu a jikinta, awarwaron nan a hannunsa ya kawo mata.

A gidanmu an yi shekaru ana musu a kan harbin nan. Wata yayar babanmu, Allah ya jiƙanta, cewa take ƙarya ce irin ta fim, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, babu uwar da za ta yi haka saboda 'yar maƙiyinta. Gwaggo kuma ta tsaya a kan cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma ɗan kuka shi ke ja wa uwarsa jifa. Da ta bar shi ya tafi da yarinyar, duk wahalar da ta sha a daren lakar nan ta tashi a banza. Samarin gidan kuwa, waɗanda suka kalla a silima, Birju ne nasu, kuma har yau suna ganin an zalunce shi sau biyu. Ni kaina na sauya ɓangare ya fi sau uku. Abin da na lura shi ne babu wanda ya taɓa cewa wasan bai yi ba. Ana musu ne a kan Radha kamar wata maƙwabciya da aka sani, an manta ɗungurungum cewa akwai wata mai suna Nargis da ta je aiki ta dawo gida ta wanke lakar.

Fim ɗin ya buɗe ya kuma rufe da tsohuwa Radha, an roƙe ta ta buɗe sabuwar hanyar ruwan noman rani da gwamnati ta haƙa wa garin. Ta ɗaga murfin, ruwan ya fito ja kamar jini kafin ya washe. Wannan saƙon zamanin Nehru ne, firaministan Indiya na farko, lokacin da Indiya ta ɗora burinta a kan manyan madatsun ruwa. Wanda ya kalla a Kano bayan an gina madatsar Tiga a shekarun 1970, ruwa ya fara gudu a hanyoyin Kadawa, shi ma yana da abin da zai tuna.

Abin da ya biyo baya

Ana cikin ɗaukar fim ɗin a jihar Gujarat, a wurin da aka cinna wa tarin ciyawa wuta, iska ta juya wutar ta kewaye Nargis da gaske. Sunil Dutt ya kutsa ya fito da ita, shi ya ƙone, ita ta yi jinyarsa. Ranar 11 ga Maris, 1958 suka yi aure. Uwar Birju ta auri Birju. Wannan labarin idan na faɗa wa tsofaffi sai sun yi salati.

Kyaututtuka suka biyo baya a jere. Mother India ya zama fim ɗin Indiya na farko da ya kai zagayen ƙarshe na gasar Oscar a rukunin finafinan harsunan waje, inda wani fim ɗin Federico Fellini na Italiya ya doke shi. Ita kuma ta ci kyautar gwarzuwar jaruma ta Filmfare, ta ci ta bikin finafinai na Karlovy Vary a Chekoslobakiya, gwamnati ta ba ta lambar Padma Shri a 1958. Sai kuma ta janye daga fim tana tsakiyar ganiyarta, ta koma rainon 'ya'ya uku, Sanjay da Namrata da Priya. Janyewar nan ta taimaka wajen daskarar da ita a matsayin Radha, don ba ta yi wasu manyan finafinai a jere da za su goge hoton ba.

Guda ɗaya ne ya yi ƙoƙari, kuma abin dariya ne yadda ya dace da zancenmu. A Raat Aur Din na 1967 ta fito a matsayin matar aure mai taɓin ƙwaƙwalwa: da rana Varuna ce, mai kunya da ladabi, da dare kuma ta zama Peggy, ta caɓa ado irin na Turawa ta tafi gidan rawa, gari ya waye ba ta tuna komai. Kamar an ɗauko Nargis ɗin nan biyu, ta Gwaggo da wadda Gwaggo ta ƙi yarda da ita, an zuba a jiki ɗaya. Da wannan wasan ta zama mace ta farko da ta karɓi kyautar gwarzuwar jaruma ta ƙasa a Indiya. A ganina ya fi Awaara nuna iyakar abin da za ta iya. Amma ban taɓa haɗuwa da wanda ya ce min ya gan shi a shagon haya a Kano ba.

Sauran rayuwarta ta yi ta ne kamar mai ƙoƙarin cika sunan da aka ba ta. Ita da mijinta suka kafa ƙungiyar 'yan wasa da take zuwa bakin iyaka tana nishaɗantar da sojoji. Ta zama uwar ƙungiyar kula da yara masu lalurar shanyewar gaɓoɓi. A 1980 aka naɗa ta 'yar majalisar dattawan Indiya, kuma a can ne ta yi abin da har yau ake yi mata ƙorafi a kai: ta soki Satyajit Ray, babban daraktan Bengal, cewa yana tallata talaucin Indiya a ƙasashen waje don ya samu yabo. Ina ƙaunar matar nan, amma a nan ba ta kyauta ba. Wadda duniya ta sani da laka a fuska da garma a wuya ba ita ya kamata ta yi wa wani gorin nuna talauci ba. Sai dai wataƙila a wajenta bambancin shi ne talaucin Radha yana ƙarewa da buɗe hanyar ruwa.

A shekarar ce aka gano tana da cutar sankara. Aka kai ta asibiti a New York, ta dawo gida, ta rasu ranar 3 ga Mayu, 1981, saura 'yan makonni ta cika shekara 52. An binne ta a maƙabartar Musulmi ta Bada Qabrastan a Bombai. Kwanaki kaɗan bayan haka aka yi bikin fara nuna Rocky, fim ɗin da ɗanta Sanjay ya fara jagoranta, aka bar kujera ɗaya babu kowa a tsakanin uba da ɗa. Wannan Sanjay ɗin shi ne wanda samarin Kano suka laƙaba wa Ɗan Daba Mai Lasin, saboda irin rawar da yake takawa a finafinai, kuma rayuwarsa ta zahiri ma ta bi ta ƙwaya da kotu da gidan yari. Da yawa daga cikin masu kiransa da wannan sunan ba su san ɗan uwar Birju ba ne.

Duk wannan na kwashe na faɗa wa Gwaggo a daren nan, ina yi ina nuna mata hotuna. Ga ta da laima, ga ta a kan doki, ga ta a majalisa da farin sari. Ta saurara ba ta katse ni ba, sai da na zo kan sunan yanka.

"Fatima? Ashe Binta ce. Allah sarki."

Ta yi shiru tana kallon lauyar nan da ke tsaye a fuskar wayar. Ta ce hancin dai nata ne, idon ma nata ne. Sannan ta miƙo min wayar.

"To na gani. Mayar min da na garmar, ka ƙara murya, kunnen nan ba ya ji sosai."